Girman Turbo Ba Shi Ne Ƙarfin Mota Ba: Jan Hankali Ga Masu Motoci Da Direbobinmu A Legas



Duk wanda ya san zaman Hausawa a Legas ya san cewa kaso mai yawa na abincinmu a kan taya yake. Tumatir da albasa da tattasai da ake saukewa a Mile 12, shanun da ake kawowa Kara da Oko-Oba, kwantenar da ake ɗauka daga Apapa zuwa Kano, duk mota ce ke jigilarsu, kuma galibi ɗan uwanmu ne a kan sitiyari, ko shi ne mai motar, ko kuma shi ya ci bashin da aka saye ta. Shi ya sa idan inji ya buga a hanya ba mutum ɗaya yake ji a jikinsa ba. Mai kaya ya yi asara, direba da yaron mota sun zauna, iyali a gida sun shiga jira.

Cikin rigingimun da ake kawowa gaban shugabanninmu domin sulhu tsakanin mai mota da makanike, akwai wadda take yawan maimaituwa. Turbo ya lalace, an sayo wani an ɗaura, mota ta tashi lafiya a gareji, amma da aka yi mata lodi ta hau hanya sai ta ƙi ja, ko ta riƙa zafi, ko ta turnuƙe da hayaƙi. Mai mota ya ce an cuce shi, makanike ya rantse turbon lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa kowa gaskiyarsa yake faɗi. Turbon lafiyayye ne, amma ba na wannan injin ba ne.

Matsayarmu a kan wannan ita ce: a daina zaɓen turbo da ido, kuma a daina ɗauka cewa wanda ya fi girma shi ya fi ƙarfi. Girman gidan da hayaƙi ke bi a jikin turbo, injin mota da irin aikin da take yi su ke yanke shi. Ga dalilanmu.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Inji ba ya ƙona mai sai da iska. Idan kana son ƙarin ƙarfi daga inji ba tare da ka ƙara masa girma ba, dole ka cusa masa iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa. Aikin turbo ke nan. Dabarar ba sabuwa ba ce, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista tun 1905.

A cikin turbo akwai fanka biyu a kan sanda ɗaya. Ta farko tana ɓangaren wuta, hayaƙin da ya fito daga inji shi ke juya ta kafin ya wuce salansa. Ta biyu tana ɓangaren sanyi, ita ke zuƙo iska ta matsa ta cikin inji. Idan ta farko ta juya, ta biyu ma dole ta juya. Juyin kuwa ba na wasa ba ne, yakan haura sau 100,000 a minti ɗaya.

Kowace fanka tana cikin gidanta, mai siffa irin ta katantanwa. Gidan iska shi ne fari mai sheƙi, na alminiyam. Gidan hayaƙi shi ne baƙi ko mai tsatsa, na zubin ƙarfe mai nauyi. Wannan na biyun shi ne maganarmu, domin faɗin hanyar da ke cikinsa shi ke nuna lokacin da turbo zai farka, da kuma iyakar hayaƙin da zai iya wucewa.

Ku dubi yaran da ke wankin mota. Idan yaro ya danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan yakan fita da ƙarfi ya yi nisa, ko da famfon ba shi da ƙarfi sosai. Amma idan aka buɗe famfon gaba ɗaya yana danne da bakin, ruwan zai taru a baya har tiyon ya kumbura ko ya fice. Idan kuma ya saki bakin, ruwa mai yawa zai wuce ba wahala, sai dai ba ya da ƙarfin wanke komai sai famfon ya kawo sosai. To haka gidan hayaƙi yake. Matsattse yana sa hayaƙi kaɗan ya bugi fanka da ƙarfi, turbo ya farka da wuri. Faffaɗa yana barin hayaƙi mai yawa ya wuce, amma sai inji ya ɗau wuta sosai kafin fankar ta motsa yadda ake so.

LAMBAR DA KE JIKIN ƘARFEN

Masu ƙera turbo ba su bar wannan ga ƙiyasi ba, sun ba shi ma'auni. A jikin turbon kamfanin Garrett za ka ga an zuba haruffan A/R da lamba a gefensu, kamar 0.48 ko 0.63 ko 0.82 ko 1.06. Lissafin shi ne faɗin hanyar hayaƙin idan an raba shi da nisanta daga tsakiyar fanka. Ƙaramar lamba matsattsen gida, babbar lamba faffaɗan gida. Turbon Holset kuwa, wanda ya yawaita a injinan Cummins, da na Mitsubishi, su da murabba'in santimita suke aunawa, sai ka ji an ce 12 ko 14 ko 16.

Akwai wurare uku da mutane ke ruɗewa a kan wannan lamba. Na ɗaya, gidan iska ma yakan zo da tasa lambar A/R, kuma ita ta fi saurin ganuwa saboda ƙarfen fari ne, sai mutum ya karanta ta ya tafi da ita kasuwa, alhali wadda ta fi tasiri tana ɓoye a ƙarƙashin tsatsa a ɓangaren wuta. Na biyu, lamba ɗaya ba ta nufin girma ɗaya idan dangin turbon ya bambanta. 0.63 a ƙaramin turbo da 0.63 a babba ba hayaƙi ɗaya suke wucarwa ba, kamar yadda rabin mudu da rabin buhu duk rabi ne amma ba ɗaya suke ba. Na uku, shigar kusoshi ba hujja ba ce. Turbo iri-iri suna da baki ɗaya da ramukan kusa iri ɗaya, suna zama daram a jikin inji, amma cikinsu ya sha bamban.

Ga ɗan lissafi da zai nuna dalilin da ya sa gida ɗaya ba zai yi wa kowane inji ba. Inji mai lita 2 da ke juyi 2,000 a minti yana zuƙar iska kimanin lita 2,000 a minti, tun kafin turbo ya ƙara masa. Injin tirela mai lita 12 da ke juyi 1,500 yana zuƙar kimanin lita 9,000. Abin da ya shiga kuma dole ya fita, da zafi da kumburi. Ƙofar da ta ishi na farko za ta shaƙe na biyu, wadda ta ishi na biyu kuma na farko ba zai iya cika ta ba.

IDAN GIDAN YA YI GIRMA

Wannan shi ne kuskuren da ya fi farin jini, domin ido yana son babban abu. Mota mai irin wannan turbo za ka taka totur ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai can inji ya yi sama sannan ta zabura. Ga mai tsere a fili wannan ba matsala ba ce, domin shi kullum injinsa a sama yake. Amma mu ina muke tuƙi? Wanda ya fito daga Apapa da kwantena, ya bi ta Oshodi, ya doshi Berger, tsayawa da tashi yake ta yi da tan masu yawa a bayansa. Ƙarfin da yake buƙata na ƙasa ne, na ɗaga kaya daga tsaye. Haka wanda zai hau tudun Okene da lodi.

A injin gas abin ya fi muni. Direba ya taka, famfo ya zuba mai, iska kuwa ba ta iso ba. Man da bai ƙone sosai ba shi ne baƙin hayaƙin nan da muke gani, wanda wasu har alfahari suke yi da shi suna cewa mota tana da wuta. Ba wuta ba ce, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Kuma mai da yawa a iska kaɗan yana ƙara zafin cikin inji. Direba zai koma zama a ƙaramar giya, kuloci ya riƙa ci, mai ya riƙa ƙarewa kafin zangon da aka saba. Daga nan sai wani ya ba da shawara a buɗe famfo a ƙara mai, an zo gyaran gangar auzinawa ke nan.

IDAN GIDAN YA YI ƘANƘANTA

Wannan shi ne mai yaudara, domin a gwajin farko yana burge kowa. Ana taka totur mota ta amsa nan take, mai mota ya biya kuɗi yana murna. Matsalar ba ta bayyana sai an hau babbar hanya, an ɗauki sa'o'i ana gudu da kaya tsakanin Ibadan da Ilorin da Jebba. A lokacin hayaƙi ya yi yawa, ƙofa ta yi kaɗan, sai ya taru a baya. Fistin yana wahala wajen tura shi waje, wani kuma ya maƙale a cikin silinda da zafinsa. Mota ta daina ja a sama, zafi ya tashi, bawul da gasket da kan inji su fara ɗanɗana kuɗarsu. A injin fetur wannan zafin yakan sa mai ya kama kafin lokacinsa, abin da ke fasa fistin.

Akwai kuma haɗarin fankar ta wuce iyakar juyinta. Wannan ya shafe mu musamman, domin motocinmu ba a gaɓar teku kaɗai suke aiki ba. Legas tana daidai da teku, Jos kuwa tana kusan mita 1,200 sama da shi. A can iska ta fi sirantaka, turbo sai ya ƙara juyi kafin ya ba da matsin da ya saba. Wanda dama yana bakin iyakarsa a Legas, a hawan Filato yana iya tsallake ta. Idan ganyen fankar iska ya karye, gutsattsarinsa hanyar inji suke bi. Idan kuma turbo ya fara zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, injin gas yana iya kama shan man nan ya riƙa gudu da kansa, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa.

Domin rage wannan haɗari ne aka yi wa turbo da yawa wata 'yar ƙofa a gidan hayaƙi, wadda ke buɗewa ta zubar da rarar hayaƙi idan matsin iska ya kai inda aka tsara. Masu ɗaure sandar wannan ƙofa da waya, ko su toshe ɗan tiyon da ke buɗe ta wai don mota ta ƙara ƙarfi, su sani mai gadin injin suka ɗaure.

TO WANNE ZA A SA?

Ga motar neman abinci amsar a fili take: wanda kamfanin da ya ƙera injin ya sa, lamba da lamba. Injiniyoyinsu sun gwada gidaje iri-iri kafin su tsaya a kan wannan, sun daidaita shi da famfo da nozul da juyin da injin ke aiki a kai. A jikin kowane turbo na asali akwai ɗan allo da aka buga lambarsa. Wannan lamba ita ce abin nema, ba sunan mota kawai ba. Cewa "turbon DAF" ko "turbon Howo" bai wadatar ba, domin inji ɗaya yakan fito da ƙarfi hawa-hawa. DAF XF 95 akwai mai doki 380, akwai 430, akwai 480. Howo akwai 336, akwai 371. Kafin a ce turbon wannan zai yi wa wancan, sai an gwada lambobinsu.

A kula kuma da turbon da aka ciro daga janareta. Inji irin ɗaya yakan yi aiki a mota ya kuma yi a janareta, amma na janareta a juyi 1,500 yake tsaye dare da rana, an zaɓa masa gidan da ya dace da wannan juyi ɗaya tilo. Mota kuwa hawa da sauka take yi.

Manyan injina masu silinda shida sukan zo da gidan hayaƙi mai rami biyu, silinda uku na gaba su bi ɗaya, uku na baya su bi ɗaya, domin bugun hayaƙinsu kada ya ci karo. Wanda ya musanya shi da mai rami ɗaya ya rage wa motarsa amsawa a ƙasa ko da girman ya zo daidai. Sabbin motocin gas kuma, irin Hilux mai injin 1KD ko 1GD, turbonsu yana da wasu ƙananan fikafikai a cikin gidan hayaƙi da ƙwaƙwalwar mota ke motsawa, su matse hanya idan inji yana ƙasa, su buɗe ta idan ya yi sama. Wato gida ɗaya yana aikin ƙarami da babba. Idan irin wannan ya fara kasala, sau da yawa toka ce ta riƙe fikafikan, wanki yake so ko gyaran abin da ke motsa su. Cire shi a sa turbo na gargajiya yana rikita ƙwaƙwalwar motar, ta rage ƙarfi ta kunna fitila.

Haka nan ba a ɗora turbon gas a kan injin fetur don kawai ya shiga. Hayaƙin gas yakan tsaya wajen digiri 700 a ma'aunin Salshiyas idan ana aiki mai nauyi, na fetur kuwa yana haura 900. Ƙarfen da aka zuba domin na farko ba lallai ya jure na biyu ba, sai ya tsage. Kuma ba a haɗa gidan wannan turbo da fankar wancan, domin an sassaƙe kowane gida daidai da fankarsa. Idan tazara ta yi yawa hayaƙi ya zurare ta gefe, idan ta yi kaɗan fanka ta goga.

MAGANAR TSADA

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira, kayan gyaran mota sun yi tashin gwauron zabi. Mota tana tsaye, mai bashi yana kira, a Ladipo an samu wani da zai shiga a rabin kuɗi, wa zai tsaya neman lamba? Hujja ce mai ƙarfi. Amma a yi lissafin duka. Turbon da bai dace ba yana cin mai a kowace tafiya, daga Legas zuwa Kano kuma kusan kilomita 1,000 ne. Ƙarshensa kuma yana iya kaiwa ga sauke inji, wanda kuɗinsa ya ninka na turbo, ban da tumatirin da zai ruɓe a gefen hanya. Araha ba ta ado.

Ba muna cewa dole sai sabo ba. Ɗan Beljiyam mai lambar da ta dace ya fi sabo fil wanda ba na injin ba. Kuma sau da yawa gidan hayaƙin tsohon turbonka lafiyarsa ƙalau, tsakiyar ce ta mutu. Idan bai tsage ba, fanka ba ta ci shi ba, ana iya sayen tsakiyar kaɗai mai lambar da ta dace a mayar cikin gidajenka na asali. Wannan ya fi sauƙin kuɗi, kuma girman bai canza ba. Saboda haka kada a yi saurin sayar da tsohon turbo ga 'yan gwangwan.

Wasu kuma za su ce makanikensu ya shekara ashirin yana wannan aiki. Muna girmama makanikanmu, da hannunsu muke ci. Amma bambancin 0.63 da 0.82 ba a gane shi da ɗaga ƙarfe a hannu. Makaniken ƙwarai ba ya jin haushi don an ce a duba lamba, shi ne ma zai fara nemanta.

GA SAMARINMU MASU SON GUDU

Akwai matasanmu masu ƙananan motoci masu turbo, irin Golf da Passat masu injin 1.8T, ko Honda Accord ta 2018 mai lita 1.5, da suke kallon bidiyon masu tsere a ƙasashen waje suna sha'awar ɗora babban turbo. Ku sani waɗancan ba turbo kaɗai suke canzawa ba. Suna canza nozul da famfon mai da abin sanyaya iska da kuloci, su sake tsara ƙwaƙwalwar motar a kan na'urar gwaji, kuma sun yarda su sadaukar da ƙarfin ƙasa domin na sama. Kai da kullum kake cikin cunkoson Ikorodu Road ko Agege, motarka ba ta cika kaiwa juyin da babban gida zai farka ba. Ka kashe kuɗi ka sayo mota mai kasala a inda kake tuƙi, mai zabura a inda bai kamata ka yi gudu ba. Ran mutanen da ke tsallaka titi ma amana ne.

ABIN DA MUKE ROƘO

Mai mota, tun motarka tana lafiya ka sa a goge allon turbo da lambar da ke gidan hayaƙi, ka ɗauki hotonsu da waya tare da lambar inji, ka ajiye. Ranar da ya lalace a Ogere ko Mokwa, hoton za ka tura.

Idan za a je saye, a tafi da tsohon, a ajiye su gefe da gefe, a gwada lamba, a leƙa ramin hayaƙi, a ƙirga ganyen fanka. A sa mai sayarwa ya rubuta lambar a rasit, a kuma yi sharaɗin mayarwa idan bai dace ba. Wannan kaɗai zai rage rabin zaman sulhun da ake yi.

Makanike, kafin ka ɗaura sabo ka gano abin da ya kashe tsohon. Idan bututun baƙin mai ne ya toshe, ko matatar iska ta yage ƙurar hunturu tana shiga, sabon ma hanyar zai bi. Kuma gwaji a gareji ba gwaji ba ne, sai an yi lodi an hau hanya.

Direba, kai ne ka fi kowa sanin halin motarka. Idan bayan gyara ka ga tana jinkirin amsawa, ko hayaƙi ya ƙaru, ko allurar zafi ta canza wuri, ka faɗa tun kafin ka yi nisa. Bayan doguwar tafiya kuma ka bar inji ya yi 'yan mintoci yana aiki a tsaye kafin ka kashe, domin turbo ya huce kada mai ya ƙone a cikinsa.

Dattawanmu da suka daɗe a harkar sufuri, muna roƙon ku riƙa zaunar da sabbin shiga kuna nuna musu waɗannan abubuwa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya samu wanda zai tambaya.

Allah Ya tsare direbobinmu a hanya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya